Kacici-Kacici da Hatimi a Yammacin Zamfara: Tarihin Rassa Biyu da Ba Su Haɗu Ba

A ranar Lahadi 21 ga watan Disamba na shekarar 1913, wata jaridar Amurka mai suna New York World ta fito da wani sabon wasa a shafinta na nishaɗi. Wani ma'aikacinta haifaffen Ingila, Arthur Wynne, shi ne ya zana ƙananan gidaje kamar na dara, ya sa musu lambobi, sa'an nan ya jera tambayoyi a ƙarƙashinsu. Aikin mai karatu shi ne ya gano amsar kowace tambaya, ya rubuta ta harafi ɗaya a gida ɗaya, wasu kalmomin a kwance wasu a tsaye, ta yadda duk inda biyu suka gitta juna za su yi tarayya a harafi guda. Wannan wasa shi ne za a riƙa kira kacici-kacicin gidan dara a cikin wannan maƙala.

Yaɗuwarsa ba ta ɗauki lokaci ba. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya buga littafi sukutum na irin waɗannan wasanni, kowane kwafi da fensirinsa a ɗaure, ya kuwa yi kasuwar da ta kafa kamfanin. Jaridar The Times ta Landan, wadda ta daɗe tana yi wa abin kallon raini, ta miƙa wuya a 1930, New York Times kuma a 1942. A wannan shekarar ce ma jaridar Daily Telegraph ta shirya gasar warware wasan cikin minti 12, daga baya hukumar yaƙi ta nemi wasu daga cikin gwanayen ta sa su aikin kwance saƙonnin asiri na sojojin Jamus.

In an dubi wasan da idon basira, za a ga abu biyu aka gwama. Akwai tambaya mai ɓoye ma'anarta, akwai kuma gidaje masu ƙa'ida waɗanda ba su karɓar amsa sai ta dace da maƙwabtanta a kwance da a tsaye. Duka biyun tsofaffi ne a ƙasar Hausa, kuma a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun kowannensu yana da tarihi mai tsawo. Sai dai na farkon a hannun yara da mata da makaɗa ya rayu, na biyun kuwa a zauren malamai, kuma da rubutun boko ya zo bai haɗa su ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun rassan nan biyu, da neman dalilin rashin haɗuwarsu.

Reshen dandali

Kacici-kacici, ko ka-cinci-ka-cinci kamar yadda wasu ke faɗi, ɗan'uwan tatsuniya ne, har ma a da sunan tatsuniya yakan game su duka. Lokacinsu ɗaya, watau bayan an ci tuwon dare, musamman da kaka in an gama aikin gona ga farin wata. Camfin da ya hana yin tatsuniya da rana, wai mai yi zai ɓata, ya taimaka wajen tsare wasan a lokacin da ba ya hana aiki. Tsarinsa sananne ne. Mai tambaya ya ce, “Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya,” a ce masa tsintsiya. Ya ce, “Baba na ɗaka, gemu na waje,” a ce wuta da hayaƙi. In an kasa, sai a ba shi gari, yana kuma da ikon ya ƙi ƙauye ya ce sai Sakkwato ko Kano ko Makka, sa'an nan ya faɗi amsar. Ta wannan hanya yaron Bakura da bai taɓa wuce kasuwar Mafara ba yakan san sunayen manyan birane da darajarsu tun kafin ya ga taswira.

Akwai wani abu da masu nazari sukan tsallake, shi ne cewa yawancin kacici-kacicin gargajiya haddace amsarsa ake yi, ba a gano ta da tunani. “Ƙulin ƙulifita” ba shi da wata ma'ana da za ta kai mutum ga gauta, in ban da amon kalmomin da ke kwaikwayon wani abu ɗan dunƙulalle mai santsi. Wanda ya taɓa ji ya sani, wanda bai taɓa ji ba ya ba da gari. Ashe ke nan wasan makarantar kalmomi ce da siffantawa, inda yaro ke koyon sunayen kayan gida da na gona da na daji, yana kuma koyon cewa ana iya kiran abu da sunan wani abu. Ƙirƙirar sabuwar tambaya ba ta cikin sharuɗɗan dandali. A nan ya bambanta da wasan jarida, wanda kullum sai an saƙa sababbin tambayoyi, tambayar da aka taɓa gani kuwa ta zama lami.

Kacici-kacicin da ake saƙawa sabo a kowane zama yana wurin manya, a bakin makaɗan fada, kuma wannan yanki bai da na biyu a nan. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙasar Bakura aka haife shi, a Maradun ya yi suna. Sa'idu Faru kuwa sunan garinsu na ƙasar Maradun yake amsawa. Zambo da habaici a waƙar sarauta ba su kama suna. Makaɗi zai siffanta wani ɗan sarki mai neman gadon ubangidansa ta tafiyarsa ko rowarsa ko wata dabba da ya yi kama da ita, ya bar 'yan fada su warware. Daɗin abin yana ga cewa kowa ya gane, amma ba wanda zai iya kafa shaida. Duk wanda ya san irin tambayoyi masu harshen damo da Edward Powys Mathers ya shahara da su a jaridar Observer ta Ingila tun daga 1926, inda zahirin jimla ke jan mai karatu gabas alhali amsar tana yamma, zai ga dabara ɗaya ce da ta zambo. Haka kuma zaurance da karangiya da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, irin na mutumin da zai ƙetare da kura da akuya da damin wake a jirgi mai ɗaukar abu ɗaya, duk suna cikin wannan reshe.

Turawa ne suka fara kai kacici-kacici takarda da yawa. G. Merrick ya sa wasu a littafinsa na karin magana na 1905, R. S. Fletcher ya ƙara a 1912, sa'an nan ga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913. Wani kaso na abin da Edgar ya buga daga tarin Manjo Burdon ne, Razdan na Sakkwato, wanda ya sa malamai suka rubuta masa da ajami, don haka Hausar yamma ta sami shiga cikin aikin tun daga tushe. Amma masu tarin nan duk tambaya da amsa suke jerawa kafaɗa da kafaɗa, domin bukatarsu koyon harshe ce da adana al'ada. Kacici-kacicin da amsarsa ke gefensa ya tashi daga wasa ya koma abin nuni. Littattafan makaranta da suka biyo baya, har da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya na farkon shekarun 1970, adanawa da koyarwa suka sa gaba. A bakin 'yan makaranta kuma kalmar kanta ta sauya ma'ana, ta koma nufin gasar tambaya da amsa a kan tarihi ko addini ko lissafi, inda ba a ɓoye komai, sani kawai ake gwadawa.

Reshen zaure

Gidaje masu ƙa'ida sun shigo ƙasar Hausa ne tare da ilmin Larabci. Malamai suna kiran ilmin da sunan aufaƙu, jama'a kuwa abin da suka sani shi ne hatimi, wanda ake zanawa a allo ko a takardar laya. Mafi sauƙinsa shi ne mai gida tara, uku a kwance uku a tsaye, wanda ake jinginawa ga Imamu Gazali. Ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9, jerin sama 4 da 9 da 2, na tsakiya 3 da 5 da 7, na ƙasa 8 da 1 da 6. Ta duk inda aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Da yake kowane harafin Larabci yana da lambarsa a lissafin abajada, ana iya cika gidajen da baƙaƙe maimakon lambobi. Kusurwoyi huɗu, watau 2 da 4 da 6 da 8, su ne ba da dal da wau da ha ƙarami, daga nan aka sami kalmar buduhu da ake gani a layu tun daga Maroko har Indiya. Harafi ɗaya a gida ɗaya, kowane gida yana amsa wa jeri biyu zuwa huɗu a lokaci guda: wannan ita ce ƙa'idar da Wynne ya gina wasansa a kanta, ga ta a allon malamai ƙarnoni kafin a haife shi.

Babban gwanin wannan fanni daga ƙasar Hausa shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, watau Bakatsine. Ya tafi aikin hajji wajajen 1730, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafin da ake kira Bahjat al-Afaƙ, wanda a cikinsa ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai adadin gidaje mara, kamar uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai. Daga cikin dabarun akwai bin tsallen doki na wasan shataranji, gida biyu a miƙe da gida ɗaya a gefe, in an faɗa wajen zanen a shigo ta ɗaya ɓangaren. A hatimi mai gida 25, wanda aka cika da 1 zuwa 25, kowane jeri 65 zai bayar. Claudia Zaslavsky ta gabatar da wannan aiki ga masana lissafi na duniya a littafinta Africa Counts na 1973, kafin nan kuma Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazarin bayanin da malamin ya yi a kan ramzi, aka buga a Ibadan a 1967.

Ramzi shi ne ɓoye shekara a cikin kalma, kuma da wuya a sami tsohuwar rubutacciyar waƙa ta ajami da ba a rufe ta da shi ba. A nan akwai tarko ga wanda bai san gari ba. Malaman ƙasar Hausa lissafin Magariba suke bi, wanda ya saɓa wa na Gabas a baƙaƙe shida. A Magariba shin 1000 ne, a Gabas 300. Alal misali, shekarar rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, 1232 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1817, ana iya rubuta ta da shin da ra da lam da ba, watau 1000 da 200 da 30 da 2. Ɗalibin da ya karanta baƙaƙen nan da lissafin Gabas zai sami 532, ya yi kuskuren shekara 700 cif. Gwanintar mawaƙi ita ce ya jera baƙaƙen su ba da kalma mai ma'ana wadda ba ta karya karin waƙar ba. Wasu kuma sukan rarraba baƙaƙen sunansu a baitocin ƙarshe, su bar mai karatu ya harhaɗa.

Akwai kuma waƙar da farkon baitocinta ke karantuwa daga sama zuwa ƙasa. Sanannen misali shi ne na 1822, lokacin da rundunar Gobirawa da Abzinawa ta matsa wa Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ƙanwarsa Nana Asma'u suka yi musayar waƙoƙin Larabci waɗanda baƙaƙen farkon baitocinsu, in an karanta su a tsaye, suke ba da ayar Suratu Alam Nashraha mai albishir da sauƙi bayan tsanani. Rubutu mai karantuwa a kwance da a tsaye ke nan, a tsakiyar yaƙi, tsakanin sarki da malama.

Yankin da ake magana a kansa yana cikin tsakiyar wannan harka ta ilmi. Shehu da ƙanensa Abdullahi sun yi kimanin shekara biyar suna wa'azi da karatu a Zamfara a ƙarshen shekarun 1780 zuwa farkon 1790, kuma Faru ta ƙasar Maradun tana cikin wuraren da suka zauna. Bakura tana cikin garuruwan ribaɗi na zamanin Bello. A Matuzgi kuwa, kusa da Talata Mafara, Malam Muhammadu Tukur ya zauna, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu, mawaƙin Fulatanci, kuma marubucin littattafan magani irin su Ƙira'ul Ahibba'i da Mu'awanatul Ikhwani, inda ayoyi da sunayen Allah da itatuwa suke tafiya tare. A irin waɗannan zauruka lissafin baƙaƙe yana cikin kayan aikin malami, kamar tawada da alƙalami.

To, me ya hana wannan fasaha fitowa dandali? Amsar tana cikin matsayin da aka ba ta. Hatimi asiri ne, ana karɓarsa da izini daga malami zuwa almajiri, ana neman waraka ko tsari ko buɗi da shi, baƙaƙen da ke cikinsa kuwa sau da yawa na ayoyi ne da sunayen Ubangiji, waɗanda ba a wasa da su. Littafin Shamsul Ma'arifi na al-Buni, wanda shi ne madogarar masu wannan ilmi da yawa, ba kowane almajiri ake bari ya buɗe shi ba. Ga kuma shugabannin jihadi da suka yi tsanani a kan duba da tsafi da malaman da ke cin abinci da su, abin da ya sa ma'abota fannin suka ƙara rufe ƙofa. Zanen gidaje da Bature ya ɗauka abin kashe lokaci a jirgin ƙasa, a wurin Bahaushe abu ne mai kwarjini, ana naɗe shi a fata a rataya wa yaro. Gidajen da aka yarda a yi wasa da su su ne na dara, ramuka 30 a ƙasa, shida-shida sau biyar, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12 yana neman jera uku. Dara kuwa ba ta da harafi.

Zuwan boko

Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, jaridun Turanci suka sami hanyar shigowa lardin, daga Gusau kuma mota ta bi da su ta Mafara zuwa Sakkwato. Ta nan ne akawuna da malaman makaranta suka san wasan gidan dara, da Turanci suka san shi, da Turanci kuma masu sha'awarsa suka ci gaba da yin sa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, a shekarun 1950 kuma hukumar NORLA ta Zariya ta buga jaridun larduna domin ɗaliban Yaƙi da Jahilci, Zaruma ita ce ta lardin Sakkwato. Duk da haka wasan bai zama abin da mai karatun Hausa ke jira kullum safiya ba. Dalili ɗaya a fili yake: a Ingila da Amurka jaridar kullum ce ta raini wasan, tambaya yau amsa gobe, jaridun Hausa kuwa galibinsu na mako-mako ne ko sau biyu zuwa uku a mako, kwafi ɗaya kuma yakan zagaya hannu goma, ana karanta wa waɗanda ba su iya ba. Takardar da ta zama ta jama'a ba wanda zai cika ta da fensir shi kaɗai.

Sauran dalilan suna cikin harshen da rubutunsa, su ne kuma suka fi cancantar a tsaya a kansu. Wasan yana bukatar kowa ya yarda da yawan baƙaƙen kowace kalma, alhali ƙa'idojin rubutun Hausa sun daɗe suna rawa. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da nasa a 1912. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka maye gurbin ɗigo da waƙafin da ake sawa a da. Aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar, amma har yanzu 'ya'ya a nan da waƙafi ake rubuta ta, a can da ƴ. Keken rubutu da injin ɗab'i da yawa ba su da masu lanƙwasa, sai kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, su zama abu ɗaya. A cikin jimla ma'ana takan raba gardama, a gidan dara kuwa babu jimla. Sa'an nan ga tagwayen baƙaƙe, sh da ts da ky da gw da ƙw da 'yan'uwansu, waɗanda sauti ɗaya ne da harufa biyu. Mutanen Wales sun yanke shawara suna sa irin nasu a gida ɗaya, haka mutanen Holan suke yi da ij. In an bi su, tsatsa gida huɗu ce, in ba a bi su ba gida shida.

Ginin kalmar Hausa ma yana da nasa hukunci. Yawancin kalmomi da baƙi suke farawa, da wasali suke ƙarewa, baƙi da wasali suna bin juna. A tsarin Amurka, inda kowane harafi tilas ya shiga kalma biyu, in jerin farko ya fara da baƙi to na biyu da wasali zai fara, ya kuma ƙare da baƙi, irin kalmomin da Hausa ke da ƙarancinsu sai an jingina da harafin mallaka. Ga misalin gidaje 16 da ke karantuwa daidai a kwance da a tsaye:

K U Ɗ I
U W A R
Ɗ A K I
I R I N

Ya yiwu, amma da uwar da irin, waɗanda ba cikakkun kalmomin ƙamus ba ne, aka ceto shi. Tsarin Ingila, inda ake toshe gidaje da yawa har harafi ɗaya cikin biyu ne kawai ke gittawa, ya fi dacewa da Hausa, domin yana ba mai shiryawa damar ya sa mahaɗar ta faɗa kan baƙi. Mahaɗar da ta faɗa kan wasalin a ba ta taimaki kowa ba, saboda ba harafin da ya kai shi yawa a Hausa. A wani ɓangaren kuma rubutun boko ya yi wa mai saƙa tambaya gata, da yake ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo, wuya ta jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya, fari na launi da fari na rashin ruwa, kowane biyu gidajensu ɗaya. Abin da malamin nahawu ke kuka da shi, shi ne jarin mai tambaya mai harshen damo.

Misalin nan na sama yana da wani darasi da ya shafi Zamfara kai tsaye. Da daidaitacciyar Hausa aka gina shi, wadda ta dogara a kan karin Kano. A bakin dattijon Maradun ko Bakura kalmar farko kuɗɗi ce, gida biyar, uwar ɗaki kuma uwaɗ ɗaki ce. Nan take ginin ya rushe. Haka zamna da zauna, amre da aure, sabka da sauka, biyat da biyar, hili da fili, ɗiya da 'ya. Masana tarihin harshe sun tabbatar cewa a kalmomi irin zamna da amre da sabka, yamma ce ta riƙe tsohuwar siga, gabas ce ta sauya. Amma gidan dara ba ya karɓar amsa biyu. Duk inda wasan ya kafu ya zama ɗan sandan daidaitaccen rubutu, yana hukunta wanda ya rubuta yadda uwarsa ta koya masa. Kacici-kacicin dandali bai san wannan matsala ba, domin wanda ya ce hwara da wanda ya ce fara duk sun ci.

Halin da rassan suke ciki

Sha'awar irin waɗannan wasanni ba ta yi ƙaranci a Nijeriya ba. A 2015 Wellington Jighere ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar duniya ta wasan jera kalmomi na Scrabble, da kalmomin Turanci. Sudoku, wanda ya game duniya bayan The Times ta fara buga shi a 2004, gidaje 81 ne da lambobi 1 zuwa 9, kuma ko da yake ba a tara jerinsa kamar hatimi, jikan al-Kashinawi ba zai ga baƙon abu a cikinsa ba. Matasa suna yin sa a wayar hannu ba tare da sun san an taɓa rubuta littafi a kan danginsa da hannun Bakatsine ba.

Reshen dandali shi ne ya fi jin jiki. Kacici-kacici da muhallinsa yake rayuwa, yana bukatar tsofaffi da yara a wuri ɗaya da dare, da kayan da tambayoyin ke siffantawa a gaban ido. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta tashi ƙauyuka ta sauya noman fadama na gulbin Sakkwato, rikicin diyyarta kuma ya kai ga kashe manoma a watan Afrilu na 1980. Abin da ya fi wannan muni shi ne ta'addancin 'yan bindiga na shekarun baya-bayan nan. A shekarar 2021 kaɗai an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara a watan Fabrairu, an kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, an sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta Maradun a farkon Satumba, aka rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar na tsawon makonni. Ƙauyen da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe ba ya fitar da yara dandali, iyalin da suka yi gudun hijira zuwa Mafara ko Gusau kuwa 'ya'yansu da wata Hausa suke tashi.

Kayan aikin haɗa rassan biyu sun samu fiye da kowane lokaci. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana bayyana Hausa da Hausa, abin da mai saƙa tambaya ya fi bukata. Kwamfuta da waya sun iya ɓ da ɗ da ƙ. Akwai masu nazarin Hausa a jami'o'in Sakkwato da Gusau da Kwalejin Ilmi ta Maru, ga littattafan Edgar da faya-fayan Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru cike da kalmomin yamma waɗanda ɗaliban yau ba su sani ba. Malamin da zai zauna ya zana gidajen domin ajinsa a Bakura, kafin ya rubuta tambaya ta farko sai ya yanke hukunci a kan abu biyu: ko sh da ts gida ɗaya za su ci ko biyu, da kuma ko zai karɓi kuɗɗi daga yaron da haka ya ji ana faɗi a gidansu.